Abin da Badagry ta koya mini game da gida

Bautar ƙasa ce ta kai ni Badagry, inda aka ba ni ajin tarihi a wata makarantar sakandare. Na sauka da digirina da kuma wani tunani da ban taɓa tuhumarsa ba: cewa cinikin bayi ta teku labari ne na mutanen gaɓa da Turawa, mu namu na Sahara ne da raƙuma. Haka na koyar da shi makonni, kamar mai ba da labarin gobarar wata unguwa.

Ranar da muka kai ɗalibai zagayen wuraren tarihi, mun fara da bene na 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Raina bai kwanta da wannan kirari ba, don na san soraye sun daɗe a Kano. Muka wuce inda bishiyar Agia ta tsaya kafin ta faɗi a 1959, wadda a gindinta aka yi wa'azin Kirista a 1842. Duk wannan na karanta shi a littafi.

A gidan bayin Seriki Abass ne jikina ya yi sanyi. Ɗaki arba'in aka ce gidan ke da su a da. Na shiga ɗaya daga cikin waɗanda suka rage, ɗan tsukuku, da 'yar kafar iska can sama wadda ko kan yaro ba zai shige ta ba. Mu takwas kawai, amma nan da nan gumi ya jiƙa mana riguna. Mai yi mana jagora ya miƙo mini marin ƙarfe da ake ɗaure bayi da shi, ya ce in ɗaga. Sai da na sa hannu biyu. Sannan na sake duban sunan da ke bakin ƙofa. Seriki ai sarki ne, kalmarmu ce ta shiga bakin Yarbawa. Mai gidan Musulmi ne, kuma ana cewa shi ma an taɓa sayar da shi yana yaro. Ya rasu a 1919.

Muka haye ruwa a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, muka taka rairayi har bakin teku, inda ake cewa wanda ya kai nan ba ya komowa. A hanya akwai rijiyar da aka ce ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Wata ɗaliba ta ja hannun rigata.

“Malam, da gaske ruwan yana sa mantuwa?”

Na ce mata abin da kakanni suka faɗa ke nan, mu riƙe shi a matsayinsa, mu kuma nemi abin da aka rubuta. Wannan amsa ni ta fi kamawa, domin a daren na koma kan takarduna.

Abin da na tarar ya ba ni kunya. Bayan jihadi ya tashi a 1804, fursunonin yaƙi daga ƙasar Hausa sun riƙa gangarowa kudu hannu zuwa hannu, har tasoshin wannan gaɓa irin su Ikko da Wida, daga nan sai Bahiya ta ƙasar Birazil. Ba su manta gida ba. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa a can, a 1814 suka tashi da makami. A boren 1835, wanda aka yi cikin watan azumi, galibi Yarbawa Musulmi ne tare da wasu Hausawa, an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Hanyar kuma ba gangarowa kaɗai take yi ba. Daga Badagry ɗin nan Kilafaton, Bature mai yawon binciken ƙasashe, ya kama tafiya a ƙarshen 1825, ya nufi wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. Cikin ayarinsa akwai wani Bahaushe, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko, da sojojin ruwan Ingila suka kuɓutar daga jirgin bayi. Shi ne ya fi tsaya mini a rai, mutumin da teku ta karɓa ta kuma mayar.

Ran Litinin na goge allo, na zana layi daga Sakkwato, ya tsallake Kwara, ya ratsa tsohuwar Oyo, ya dire a garinsu. Wani yaro a layin baya ya ɗaga hannu.

“Malam, to ku ne kuka sayar, ko ku aka sayar?”

Na ce masa duka biyun, na ɗauki alli muka fara daga saman layin.