Inkiyar da na rubuta da hannuna ita ta kai ni kotu

Ana idar da sallar asuba suka ƙwanƙwasa ƙofa. Umma ce ta buɗe, carbi na hannunta, ta tarar da 'yan sanda huɗu riƙe da takardar izinin bincike. Ni kuwa ina sama ina sharar barci, don ban shigo gida ba sai wajen ƙarfe uku. Shekarata 19 a lokacin, muna zaune a kudancin Landan, kuma na fi shekara biyu ina yawon dare da gwangwanayen fenti a jaka, ina fesa inkiyata a bangon layin dogo da gadoji, wani lokacin har jikin taragon jirgi in mun samu shiga inda ake ajiye su. Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya taɓa ritsa ni ina cikin fesawa, shi ya sa na ɗauka ni gwani ne.

Ƙannena, ku da kuka taso a Ingila ko aka kawo ku karatu, har wannan harka ta girafiti ta fara shiga ranku, da ku nake. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne 'yan sanda ba tseren gudu suke yi da mu ba, tara mana shaida suke yi.

Ai duk harkar neman suna ce. Mutum ya zaɓi haruffa huɗu ko biyar, ya yi ta maimaita su ko'ina har sai duk mai hawa jirgi ya san su. Wanda ya yi makarantar allo ya san malam ba ya buƙatar a rubuta suna a bayan allo. Yana ganin yadda aka ja wawu da yadda aka lanƙwasa lam'ara zai ce hannun wane ne. To haka suke karanta bango. A Birtaniya jiragen ƙasa suna da rundunar 'yan sandansu daban, British Transport Police, kuma a cikinta akwai jami'an da suka ƙware a wannan aikin. Kafin masu shara su goge rubutu, sai an ɗauki hotonsa, an rubuta wuri da rana da kuɗin da gogewar za ta ci. Fayil ɗinka yana ta kumbura alhali ba su san fuskarka ba. Ba sa gaggawa. Rana ɗaya kawai suke jira, ranar da za su haɗa inkiyar da mai ita.

Tawa ranar ba ta yi kama da komai ba. A wata tasha aka tsayar da ni da daddare, jami'in ya ga fenti a yatsuna, ya duba jakata ya samu alƙalamin maka mai kauri da 'yar takarda da na yi gwajin haruffa a kai. Ya ɗauki sunana da adireshi, ya sallame ni. Har labari na ba abokai muna dariya. Bayan 'yan makonni ne suka zo gida.

Ƙarƙashin gadona suka zaro littafin zanena, mai baƙin bango, wanda kowane mai wannan harka yake da irinsa kuma yake ji da shi kamar ransa. Shafi bayan shafi, inkiyata ce a salo iri-iri, wasu ma na sa musu kwanan wata don burga. Suka sa takalmana masu ɗigon fenti a leda, suka ɗauki waya da kwamfuta. Baba na tsaye bakin ƙofar ɗakin da jallabiya, bai ce uffan ba har sai da wani jami'i ya buɗe littafin. Sannan ya dube ni ya ce, "Wannan hannunka ne?" Shi ya koya mini riƙe alƙalami, ya san amsar.

A caji ofis aka jera mini hotuna a kan tebur, har da waɗanda ni kaina na manta na yi. Kusa da su ga bayanan katin Oyster ɗina, katin biyan kuɗin jirgi da bas a Landan, da ke nuna tashar da na shiga da wadda na fita a dararen da aka yi rubutun. Ga hoton kyamarar tsaro, na rufe fuska amma jakar bayana ita ce dai wadda ke cikin ledarsu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mafi yawan shaidar mu muka haɗa musu ita. Mu muke ɗaukar hoton aikinmu, don rubutun da ba a gani ba asarar fenti ne. Wani abokinmu ya sa su a Facebook da sunan bogi yana ganin ya yi dabara. Saƙonninmu na waya kuma, na "mu haɗu ƙarfe ɗaya, ka zo da baƙin fenti da mai ruwan azurfa", su ne suka nuna ba ni kaɗai ba ne, mu ƙungiya ne. Daga wayata aka kai ga mutum biyu. Har yau ɗaya daga cikinsu ba ya amsa sallamata, kuma ban ga laifinsa ba.

Game da hukunci, mun riƙa ruɗin kanmu da cewa 'yar tara ce. Dokar ɓarnata dukiya ta 1971 ake amfani da ita a Ingila. In ɓarnar ba ta wuce fam 5,000 ba, a kotun majistare ake gamawa, iyakarta ɗaurin wata 3 ko tarar fam 2,500. In ta haura haka, ana iya kai mutum babbar kotu, inda doka ta ba da damar ɗauri har shekara 10. Rubutu ɗaya a bango ba zai kai fam 5,000 ba, amma ai ba ɗaya ake kawowa ba, jimilla ake yi. Tarago guda kuma in aka fesa shi, ba kuɗin wanki kaɗai ake lissafawa ba, har da cire shi daga aiki. A 2008 aka yanke wa 'yan ƙungiyar masu rubutun bango ta DPM hukunci a Landan kan haɗa baki wajen ɓarnata dukiya, jagoransu ya samu shekara 2, a daidai lokacin da gidan baje kolin zane na Tate Modern yake karrama masu zanen titi a jikin bangonsa. Mun yi ta kafa hujja da wannan muna cewa munafunci ne. Ko da munafuncin ne, bai fitar da kowa daga kurkuku ba. A 2011 kuma aka ɗaure wanda ya yi suna da inkiyar Tox wata 27. Ya ce masu kwaikwayonsa ne suka yi rubutun, kotu ba ta yarda ba.

Akwai wani ɓangare da abokaina 'yan ƙasa ba su da shi, ni nake da shi. Fasfona na Najeriya ne. Lauya ya zaunar da Baba ya yi masa bayanin dokar 2007: baƙon da aka ɗaure wata 12 ko fiye, a ƙa'ida korarsa ake yi daga ƙasar. Ko ba a kai nan ba, mai neman zama ɗan ƙasa sai an duba halinsa, kuma tarihin laifi yana nan a rubuce. Duk wanda ke zaune da biza ya sa wannan a lissafi, don abokin da ya ja shi zai gama hukuncinsa ya koma ɗakin uwarsa, shi kuwa watakila filin jirgi za a raka shi.

Masu tafiye-tafiye kuma su sani kowace ƙasa da nata. A Singafo har bulala ake yi. A 1994 an yi wa wani saurayi Ba'amurke, Michael Fay, bulala 4 kan fesa wa motoci fenti, ita ma sai da Shugaba Bill Clinton ya sa baki aka rage daga 6. Layin dogon ma ba ya jiran alƙali: a watan Yunin 2018 jirgi ya kashe samari uku masu rubutun bango kusa da tashar Loughborough Junction, wuraren da ni ma na sha takawa cikin duhu.

In hannunka yana ƙaiƙayi, akwai ramin Leake Street a ƙarƙashin tashar Waterloo, inda aka halatta feshi tun bayan bikin da shahararren mai zanen titi Banksy ya shirya a can a 2008. Kafin gobe wani zai shafe naka da nasa, wannan ne kawai cikas ɗin. Mai shago ma in ka tambaye shi da ladabi ka nuna masa littafinka, yakan ba da bango, wani har ya biya. Da muna raina masu yin haka.

Na amsa laifina tun farko, kamar yadda lauya ya ba da shawara. Aka yi mini ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, da biyan diyya da Baba ya taya ni muka yi ta biya wata-wata, da aikin gayya ba lada. Aikin kuwa kankare rubutun bango ne, sanye da rigar ruwan lemo mai ɗauke da babban rubutu a baya don kowa ya san dalilin zuwanka. Wata Asabar ina durƙushe da buroshin ƙarfe da bokiti, sai ga wani dattijo ɗan Katsina da muke sallar Juma'a masallaci ɗaya, aminin Baba. Ya tsaya ya karanta bayan rigata a hankali, sannan ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Ka gaida Alhaji." Na ce zai ji.