Kafin in miƙa maka abin taunawa, wace tsakuwar mafitsara karenka ya yi?

Sana'ata ba ta da girma: ni da ma'aikata biyu, injin busar da nama guda ɗaya, sai sikeli. Abin taunawa na karnuka muke yi, busasshiyar hanta, jijiya, maƙogwaron sa, da ƙirgi da muke nannaɗewa. Da na fara, abu biyu kawai nake dubawa: kada kaya su yi fumfuna, kada su fasa wa kare haƙori. Maganar fitsari ko kusa ba ta zo mini a rai ba.

Wata dattijuwa ce sanadin buɗewar idona. Tana da kare irin Dalmeshiyan, fari mai ɗigo-ɗigon baƙi, kuma ba abin da yake so kamar hanta, don haka duk zuwanta sai ta ɗauki leda biyu. Sai na daina ganinta. Ranar da ta dawo na ce, "Mama, lafiya kuwa?" Ta ce, "Ɗana, da ƙyar aka ceto shi." Wai da safe ta ga yana ɗaga ƙafa yana nishi, ɗigo biyu ko uku su fito da jini-jini, ya matsa gaba ya sake gwadawa. Kafin dare ya ƙi abinci, cikinsa ya yi tauri. Tsakuwa ce ta toshe hanyar fitsari, sai da likitan dabbobi ya zura roba sannan aka yi masa tiyata. Ba ta ɗora mini laifi ba ko da kalma ɗaya, amma na san hantar daga hannuna ta fito.

Dalmeshiyan gadon abin suka yi. Jikinsu ba ya iya sarrafa sinadarin yurik asid yadda na sauran karnuka ke yi, sai ya taru a fitsari ya dunƙule ya zama tsakuwar yuret. Shi kuwa yurik asid daga wani sinadarin abinci mai suna fiyurin yake samuwa, kuma fiyurin ya fi yawa a kayan ciki irin hanta da ƙoda, da kifin sardin, da yis. Abin da na fi alfahari da shi a cikin kayana shi ne daidai abin da bai kamata wannan karen ya lasa ba.

Daga nan na zauna na koya, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne gane cewa tsakuwar mafitsara ba iri ɗaya ba ce. Biyu sun fi yawa. Ta sitirubait a karnuka yawanci ƙwayoyin cuta ne ke jawo ta, ta fi kama karnuka mata, kuma ana iya narkar da ita da magani da abinci na musamman. A makonnin da ake narkarwar, ƙashi ɗaya ko guntun nama a bayan idon likita yana iya mayar da aiki baya, domin abincin an auna furotin da fosforos da magniziyam ɗinsa ne. Ta kalsiyam okzalet kuwa ba ta narkewa, sai an cire, kuma tana yawan dawowa. Ta fi addabar ƙananan karnuka maza irin su Shinauza da Shitsu da Yokshaya. Mai irin wannan karen ba na ba shi busasshen dankali mai zaƙi, wanda mutane ke ɗauka ai ba komai tunda ba nama ba ne, alhali cike yake da okzalet, kamar alayyahu. Ƙirgi da jijiya ma ina janye su, saboda kolajin, wato irin furotin ɗin da ke cikinsu, jiki na iya juya wani ɓangarensa ya zama okzalet. Dubi cuku: ba shi da fiyurin sosai, zai iya yi wa Dalmeshiyan, amma kalsiyam ɗinsa abin dubawa ne ga ɗan Shinauza. Shi ya sa ba na yarda da ledar da aka rubuta wa "ya dace da masu ciwon mafitsara" haka kawai.

Yanzu duk wanda ya ce mini karensa na fama da fitsari, tambayata ta farko ita ce an auna tsakuwar? Ido ba ya rarrabe su. Likitoci na aika su ɗakin bincike, kamar cibiyar nazarin tsakuwa ta Jami'ar Minesota a Amurka, amsa ta dawo da sunan sinadarin. In mutum bai sani ba, sai in ce ya koma ya tambayi likitansa, kayana ba za su gudu ba. Wasu suna jin haushi. Ciniki yana kuɓuce mini a nan, na sani, kuma na yarda da hakan.

Abin da na fi ba da shawara ba ma ni ke yin sa ba: robar taunawa mai rami, irin Kong. A cusa abincin gwangwanin da likita ya rubuta, a ƙara ruwa kaɗan, a sa a firiza. Kare zai daɗe yana fama da ita yana lasa, ba abin da ya shiga cikinsa wanda ba a auna ba, ga ruwa ya ƙaru, ruwa kuwa shi ne abin da kowace irin tsakuwa ba ta so. Ƙashi da ƙaho na bar su gaba ɗaya ga waɗannan karnuka. Duk abin da farcen babban yatsa ba ya iya lotsawa ya yi wa haƙori tauri. In likita ya amince da wani abin taunawa, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini.

A bayan kowace ledar hanta yanzu akwai layi biyu da na sa aka buga: ba na Dalmeshiyan ba ne ko kare mai tsakuwar yuret, kuma in kare yana nishin fitsari ba ya fita, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira wayewar gari. Mama har yanzu tana leƙowa. Roba ta uku ta saya a watan jiya, don karen ya cinye bakin ta biyun.