Wa zai biya kuɗin zama da mai ciwo?

Aikina horar da ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, masu bin gida-gida a wuraren da asibiti ya yi wa mutane nisa. Rabin lokacina kuma a rubuta takardun neman tallafi yake tafiya, kuma ba na shan wuya kamar ranar da na sa ciwo mai daɗewa a cikin takardar. In rigakafi ne ko awon ciki, mai ba da kuɗi ya san abin da zai ƙirga. In kuwa ka ce a koya wa ma'aikaciya yadda za ta zauna da wanda ya shekara bayansa na ciwo ta fahimtar da shi, sai ka ga an fara juya takarda.

Alhali masu ciwon ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, ana kuma hasashen su kai miliyan 843 nan da 2050. Baya kaɗai ke nan, ba a sa gwiwa ba, ba a sa raɗaɗin ƙafa na masu ciwon suga ba. A Disamban 2023 hukumar ta fitar da ƙa'idar kula da ciwon baya mai daɗewa, wato wanda ya wuce wata 3. Ta ba da shawarar ilimantar da marar lafiya da motsa jiki, ta ce kada a dogara da ɗamarar baya, ko na'urar jan baya, ko ƙwayoyin kashe ciwo masu sa jaraba. Yawancin wannan aiki ba ya buƙatar wata na'ura. Yana buƙatar mutum mai lokaci, wanda mutanen gida suka yarda da shi.

Sai dai koyar da shi ba wasa ba ne. A wurin horo nakan haɗa su bibbiyu, ɗaya ta zama mai ciwon gwiwa, ɗaya ma'aikaciya. Kusan duk wadda ta fara, abin da ke fita bakinta shi ne, "Sannu, ki yi haƙuri, ki samu ki huta." Da kyakkyawar niyya take faɗa, amma yawan kwanciya raunana tsoka yake yi, gaɓoɓi su sandare, tsoron motsi ya ƙaru. Abin da muke so ta iya shi ne ta tambaya, "Ranar da kika ji sauƙi, me kike yi?" Amsar kusan ɗaya ce: ranar sauƙi ake tattara duk aikin da ya taru a yi shi lokaci guda, washegari a kasa tashi. Sai ta nuna mata yadda za ta gutsuttsura aikin, ta tsaya tun ciwon bai tsayar da ita ba, ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako. Akwai kuma maganar da na hana su furtawa ko da wasa: "Ai hoto bai nuna komai ba, a ranki ne kawai." Wanda aka faɗa wa haka ba ya ƙara buɗe maka ƙofa.

Sannan muna so ma'aikaciyar ta ce a kawo mata ledar magani ta zazzage. Sau da yawa za ta tarar da ibuprofen da diclofenac ana haɗa su kullum, mai shan bai san dangi ɗaya ba ne, bai san suna iya jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda ba. Dole kuma ta san inda iyakarta take. Ciwon baya da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko ƙafa na mutuwa, ko fitsari na kuɓucewa, wannan na likita ne, a ranar.

Duk wannan ba ya zama a kan mutum daga bitar 'yan kwanaki, kuma a nan muke saɓawa da masu ba da tallafi. Suna son biyan ɗakin taro da buga littattafai da takardar shaida, domin su ne ke fita a hoto. Ni abin da nake roƙo shi ne kuɗin motar mai sa ido da zai bi ma'aikaciya gida biyu ko uku ya ji yadda take magana, da katin waya, da sabunta horo, da albashi. Ba ƙirƙirata ba ce. Ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2018 ta ce a biya waɗannan ma'aikata gwargwadon aikinsu, a kuma riƙa duba su ana tallafa musu. Habasha ma horon shekara guda take ba nata, gwamnati na biyansu albashi. Amma in aka ce a rage kasafi, waɗannan layukan ake fara gogewa.

Yanzu da kaina nake rage yawan waɗanda za a horar, in mayar da rarar ga bibiya. Na kuma daina yin alkawarin "ciwo zai ragu". Ina rubuta abin da za a iya dubawa: kwana nawa mutum ya kasa fita aiki a wata, ƙwaya nawa yake sha a mako, mutum nawa aka tura asibiti kuma suka isa. Wannan na ƙarshen ne ke tilasta ni in saka kuɗin jigilar marar lafiya a kasafin horo, duk da na san za a ce ba wurinsa ba ne.