Allon shago da zai jure ranar Sakkwato

Sana'armu rubuta allunan shaguna da buga talla ce a nan Sakkwato. Duk wanda ya shigo, kafin a kai ga launi ko kuɗi, sai mun tambaye shi: "Alhaji, a ina za a kafa shi?" Allon goshin shago daban, mai ƙafafu na bakin titi daban.

Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa kula da tallan waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Garin nan kuwa ya rabu tsakanin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, wasu unguwannin kuma suna cikin Wamakko. Mai shago ya fara sanin inda yake, ya karɓi izini, ya adana rasit. In allon zai fito wajen titi, ya ji ta bakin hukumar tsara birane ta jiha. Ba ma kafawa a kan kwalbati, ko ƙarƙashin wayar wuta, ko a kwanar da zai tare wa direba gani, ko da mai shi ya matsa, domin irinsa ake fara tumɓukewa ranar da aka fito share hanya.

Ƙarfin allo yana cikin ƙarfensa da raminsa. Allo mai awon ƙafa huɗu da ƙafa takwas, firam ɗinsa bututu mai kusurwa huɗu ne na inci ɗaya, mai kauri, da ƙarafa biyu a gicciye a tsakiya. Ƙafafunsa inci biyu ko fiye. Bayan walda a kankare dattin, a goge da burushin waya, a shafa jan fentin hana tsatsa, a bar shi ya kwana kafin fentin sama. Rami ƙafa biyu da rabi zuwa uku, a walda ɗan guntun ƙarfe a gindin kowace ƙafa don kankare ya kama. Haɗin kuwa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Ana ba shi ruwa safe da yamma har kwana uku, sannan a ɗora fuskar allon. Wanda ya ɗora a ranar, guguwar farkon damina za ta same shi da sauran laushi, sai a wayi gari ya sunkuya.

A nan ne masu aikin araha ke ɓata mana suna. Su sayi bututu siriri kamar gwangwani, su tona rami iya gwiwar hannu, su tsallake jan fenti, su ce rabin kuɗinmu. Mai shago ya zo yana cewa, "Malam, can an yi mini ƙasa da haka." Gaskiya ne, amma araha ba ta ado, kuma gyaran lanƙwasasshen firam ya fi sabon yi wahala.

Zafin Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, kuma ja ne launin da ke fara koɗewa, musamman a allon da ke kallon yamma. Shi ya sa muke ba da shawarar a yi babban rubutu da baƙi ko shuɗi mai duhu a kan fari ko rawaya. Fleks ɗinmu, wato ledar da ake buga rubutun a kai, mai nauyin giram 440 ne a kowane murabba'in mita, ana ɗaura shi a kan faranti na ƙarfe, a ja shi da rana ta ɗan taɓa shi ya yi laushi, a fara daga tsakiya zuwa gefe. In aka bar shi sako-sako, iskar hunturu za ta yi ta kaɗa shi har ya yage daga wurin ƙusa. Dillalai ma sai an sa ido, don wani kan turo mara nauyi da sunan mai nauyi, hannu kawai ke ganewa.

Girman harafi lissafi ne: inci ɗaya ga kowace tazarar ƙafa goma. Mai son a karanta daga tsallaken titin Ahmadu Bello ba zai cusa sunan shago da kaya goma da lambar waya uku a allo ɗaya ba. Kuma muna sa ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ yadda ya kamata, don kada mai sayar da ƙofa ya koma "kofa". Mai son ajami ko Larabci, da hannu muke fara zana shi kafin ya hau kwamfuta.

Lokacin zaɓe aikin yakan sauya. Tsara rumfunan babban zaɓe hurumin INEC ne, kuma a 2021 ta ƙara yawansu a ƙasa daga 119,974 zuwa 176,846, ta kuma ɗauke wasu daga gidajen mutane da fadoji da wuraren ibada. Duk sanda aka raba rumfa ko aka haɗa da yawa a firamare ɗaya, mutane kan yi layi a inda ba sunansu. Allon nuna hanya a nan ba ya son ado: farin fili, baƙin rubutu, lambar rumfa da girman inci shida, kibiya ɗaya, a ɗaura shi sama da kan mutum don taro kada ya rufe shi. Ba alamar jam'iyya, ba launinta. Dokar zaɓe ta 2022 ta hana nuna hoto ko alamar jam'iyya cikin tazarar mita 300 daga rumfa a ranar zaɓe, saboda haka mai shagon da ke kusa da makaranta, in akwai fosta a jikin allonsa, ya jiƙa ta da ruwan sabulu tun jajibere, ya ɗaye ta da katin roba. Reza tana yanka fleks.