Gari ya shafa hoda

Talata. Hazo tun asuba, ko Dutsen Dala ba a hangowa daga ƙofar gida. Leɓɓa duk sun tsage, man kaɗanya kuma ya ƙare.

Muna cikin a-daidaita-sahu za mu makaranta, Ummi ta leƙa waje ta ce, "Mama, yau gari ya shafa hoda. Biki za shi?" Mai ɗan sahun ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Hajiya, wannan 'yar taki Allah ya raya." Ni kuwa ina ta laluben canji a jaka, sai kawai na ce, "Ba hoda ba ce, hazo ne. Ce hazo." Ta ce hazo. Ba ta ƙara magana ba har muka sauka.

Tun daga nan abin yake cina. Me na gyara? Yarinya 'yar shekara 4 ta dubi sama ta ga amarya, ni na mayar da ita darasi.

A ofis na kasa aiki, sai tunanin kalmomin da muke faɗa kullum ba ma jin daɗinsu. Wani ne fa ya fara ganin abin nan yana shawagi a sama ya ce jirgi ne, irin na ruwa, sai dai na sama. Wani ya dubi gilashin da ke haskawa a rufin ɗaki ya ce ƙwai ne, ga shi har yau ƙwan lantarki muke saye. Keke ya zama dokin ƙarfe. Shi kansa abin da muka hau da safe, sunan shirin gyaran tarbiyya na zamanin Malam Shekarau mutanen Kano suka liƙa masa, ya zauna daram. Duk manya ne suka yi wannan, kuma ba wanda ya ce musu "ba haka ake faɗa ba."

Wasiƙa 6 na buga yau. Kowacce "bayan gaisuwa mai yawa," kowacce "muna fatan samun haɗin kanku." Ni da a da nake zaurance da Yaya Binta a gaban Inna tana zaginmu, zodo mudu tadafidi, ni da ba a kayar da ni a kacici-kacici a dandali. Na gwada tuno guda biyar, biyu kaɗai suka zo: baba na ɗaki gemu na waje, sai shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya.

Baban Ummi ya ce in daina ɗora wa kaina, yara mantuwa gare su.

Bayan magariba ina shafa mata mai, na ce, "Ummi, garin nan ya dawo daga bikin kuwa?" Ta dube ni kamar na yi shirme ta ce, "Mama, ai hazo ne."

Gas ya ƙare ana tsakar tuwo. Da gawayi na ƙarasa.