Godiya bayan dawowata daga Kerala

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, na dawo Kano lafiya bayan kwana 21 a jihar Kerala ta ƙasar Indiya.

Shekara shida ke nan ina fama da ciwon fatar da likitoci ke kira soriyasis. Makusantana sun san yadda gwiwar hannuna da ƙoƙon gwiwa da fatar kaina ke yin farin ɓawo yana zuba kamar dusa, balle in hunturu ya kama. Wasu sun ce ƙirci ne, wasu sun ce sammu. Har akwai wanda na miƙa wa hannu a masallaci ya noƙe. Ban riƙe shi ba, amma a sani ciwon nan ba a ɗaukarsa. Garkuwar jiki ce ke sa fata ta riƙa sabuntawa cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda.

Yaya, kai ka ɗauki kuɗin jirgi ba tare da na buɗe baki ba, Allah ya ƙara buɗi. Hajiya, addu'arki ta kai ni ta dawo da ni.

Masu maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurveda, sun kula da ni matuƙa, na gode musu. Kwanakin farko man shanu mai haɗin magani na riƙa sha da sassafe, kullum ana ƙara yawansa, har na tsani ƙamshinsa. Daga nan aka wanke min ciki, aka shiga tsiyaya min tsala a goshi ina kwance. Ranar da aka kawo min haɗin darbejiya da kurkur dariya na yi: na tsallaka teku don a ba ni ganyen bishiyar da ke ƙofar gidanmu!

Dokar abinci ta fi komai wuya. Ba tsami, ba yaji, gishiri kaɗan, kuma kada a haɗa kifi da madara. Maiɗakina, tun dawowata tukunya biyu kike ɗorawa, ba ki taɓa ɓata rai ba. Ke kike share ɓawon nan daga shimfiɗa shekara da shekaru, ba ki taɓa faɗa wa kowa ba. Ban san da bakin da zan gode miki ba.

Likitana na fata a nan gida bai raina tafiyar ba. Ya dai sa na gwada hanta da ƙoda kafin in tafi da bayan na dawo, don akan samu dalma a wasu magungunan irin waɗannan, ya kuma hana ni ajiye man da ya rubuta min. Na gode, likita. Haka wanzamina, wanda bai taɓa ƙyamar kaina ba.

Masu tambayata ko na warke: a'a. Ciwon lafawa yake yi, yakan kuma dawo. Ƙaiƙayi ya ragu, ina barci, na fara sa riga mai gajeren hannu. Sauran bayani sai hunturun bana ya shigo, in Allah ya kai mu.