Hayar kwana-kwana a Akra da ɗakin da mutumin zango ke rasawa

Tun shekarar 2019, da gwamnatin Gana ta gayyaci baƙar fata na ƙetare su dawo gida, watan Disamba ya zama kakar masu gidaje a Akra. Baƙi daga Amurka da Ingila kan cika Osu, Labone, Cantonments da East Legon, kuma da yawansu ba otal suke sauka ba, gida suke kamawa ta manhajar haya ta Airbnb na kwana uku ko sati biyu.

Mutumin Nima, unguwar zango a Akra, zai ce ina ruwansa. Da ruwansa kuwa. In aka mayar da gida a Kanda ko Kokomlemle masaukin baƙi, ma'aikacin da ke ciki Newtown ko Mamobi yake gangarowa neman ɗaki da falo, da albashin da zai iya zube adibans na shekara biyu. Tela ko mai sayar da wake da shinkafa da ke wancan ɗakin su ake turawa Kasoa ko Ashaiman, nesa da kasuwarsu da makarantar yaransu. Ƙasar da aka ƙiyasta tana da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8, kowane ɗaki da ya fita daga hayar shekara akwai wanda zai ji a jikinsa.

Masu gidaje ma lissafin na yaudararsu. Suna ganin kuɗin dare biyar ko shida ya kai hayar wata guda, sai su manta da sauran: kason manhaja, mai shara da wankin zanen gado bayan kowane baƙo, intanet, cika tankin ruwa, janareta, da mitar kamfanin lantarki na ECG wadda baƙo zai bar na'urar sanyaya ɗaki tana cinyewa dare da rana. Janairu na wucewa baƙi su yi ƙasa, gidan ya yi makonni ba kowa, alhali an riga an kori ɗan hayar da ke biya ba fashi.

Wanda duk da haka zai shiga harkar, ya sani sana'ar masauki ce, da dokarta. Dokar yawon buɗe ido ta 2011 ta wajabta rajista da lasisi daga Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Gana, da karɓar harajin kashi 1 cikin ɗari daga baƙo a miƙa wa hukumar. Akwai takardar shaidar 'yan kashe gobara, akwai izinin kasuwanci daga asambile, wato ƙaramar hukuma, Ayawaso ta Gabas ga Nima, ta Arewa ga Mamobi. Harajin haya kashi 8 ne a gidan zama, kashi 15 a wurin kasuwanci, don haka kada a ɗauka na gidan zama zai rufe hayar dare. A je hukumar haraji ta GRA a tantance tun kafin baƙon farko. Sa farashi da dala ba tare da izinin Babban Bankin Gana ba shi ma saɓa wa dokar musayar kuɗi ta 2006 ne.

Inda nake ganin aka bar baya da ƙura shi ne lasisin na duba tsafta da tsaro, ba ya duba ɗakuna nawa unguwa ta rasa. Landan ta ƙayyade dare 90 a shekara ga gidan da aka bayar gaba ɗaya. New York tun 2023 ta ce hayar ƙasa da kwana 30 sai mai gida na ciki, baƙi kuma kada su wuce biyu. Akra na bukatar irin wannan bambanci. Hajiyar da ta ware ɗaki ɗaya a gidanta don ta samu kuɗin magani, a bar ta ta ci halalinta. Mai kuɗin da ya kwashe bene guda na mutane ya mayar otal ba allo, shi za a yi wa iyaka, a kuma tilasta lambar lasisi ta fito a jikin kowace talla.

Kafin nan, ɗan haya ya riƙe abin da dokar haya ta 1963 ta riga ta ba shi. Maigida ba shi da ikon neman adibans fiye da na wata shida. Ba shi da ikon cire ƙofa, yanke wuta ko watsar da kaya. Fitar da ɗan haya sai da umarnin kotu bisa dalilan da dokar ta lissafa, kuma "zan sa baƙi" ba ya cikinsu. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne yarjejeniyar baki da kunyar neman rasit wajen dattijo. A rubuta yarjejeniya da ranar shiga da ta fita, a karɓi rasit kan kowane sidi, a adana saƙon MoMo na biyan kuɗi ta waya. In takardar tashi ta zo, kada a kwashe kaya cikin tsoro, a kai ta ofishin kula da haya na Rent Control tare da rasit ɗin kafin wa'adin ya cika.